Abinci ɗaya ga duk kajin, ko kowa da nasa?

Masu kiwo a bayan gida, daga Agege zuwa Idi-Araba, suna yawan tambayata: a haɗa wa manyan kaji da 'yan tsaki abinci, ko a raba?

Haɗawa ta fi arha, buhu ɗaya ne, ga ƙuncin fili a Legas. Amma kada ya zama abincin masu ƙwai: kalsiyam ɗinsa, wato sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai, ya yi wa ɗan tsako yawa, yana taɓa ƙodarsa. A sayi na masu tasowa, a ajiye wa iyayen dakakken ɓawon ƙwai a gefe.

Rabawa kuwa sai da keji biyu, sai dai manyan ba sa ture ƙanana a wurin ci.

Mai kaji biyar a tsakar gida, haɗawa ta ishe shi. Mai ƙyanƙyasa don sayarwa, rabawa ta fi masa.