Archi: manhajar zana tsarin kwamfutocin ma'aikata

Ga ma'aikacin da aka ɗora wa tsara na'urorin wata ma'aikata a Yamai, Archi ta cancanci gwaji. Kyauta ce, tana aiki ba intanet, kuma tana bin ƙa'idar zanen tsari ta ArchiMate, ta ƙungiyar The Open Group, mai hawa-hawa: hawan ayyukan hukuma, hawan manhajoji, hawan na'urori.

Ba ta zuwa da samfurin gwamnati a shirye. Wanda ke son bin FEAF, tsarin da gwamnatin tarayyar Amurka ke bi wajen tsara hukumominta da fasaharsu, mai samfura 6 tun bugun 2013, shi zai shigar da rukunan da kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce CSV, wato jadawali a rubutu zalla, fayil uku: abubuwa, alaƙoƙi, siffofi. A nan ake tuntuɓe. Excel na Faransanci yakan raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo, yakan kuma ɓata ƙ da ɗ in ba a adana da tsarin haruffa na UTF-8 ba. A duba kafin shigarwa.

In mutum biyu suka gyara fayil guda ta filashin USB, aikin ɗaya zai shafe na ɗaya. Sai an haɗa coArchi, ƙarin da ke ba Archi damar aikin haɗin gwiwa, da Git, manhajar da ke riƙe tarihin gyare-gyare. Rahoton HTML (shafin yanar gizo) da Archi ke fitarwa kuwa, darakta ma zai buɗe ya gane.