Allurar kashe jijiya kafin a zuƙe min mugunyar hanta

Ni dai da kuka na shiga ɗakin da za a zuƙe min mugunyar, don na san abin da na sha a karon farko. Ƙurji ne ya fito min a hanta, irin wanda ƙwayar amiba ke kawowa ta gurɓataccen ruwa. Na sha Flagyl kwana da kwanaki bai sace ba, sai likita ya ce dole a zuƙe. Ranar farko fata kawai aka kashe, da allurar ta shige ciki har salati na yi da ƙarfi.

A karo na biyu, a wani asibiti nan Garwa, aka kira likitan sa barci. Ya kwantar da ni ta gefen hagu, ya ɗora na'urar eko mai nuna hoton cikin jiki a bayana, ya ce, "Malam, jijiyoyin da ke bin haƙarƙarinka na dama zan kashe, idonka biyu za a yi komai." Bupivacaine ya ce sunan maganin. Bayan kamar minti 20 ya goga min auduga mai sanyi, ban ji sanyin ba. Wallahi aka soka, aka sa roba, aka cika sirinji da mugunya kalar cakulan, ni kuwa dannawa kawai nake ji. Har labarin kifin Binuwai muka yi da shi. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Kafaɗar dama ce kaɗai ta riƙa min sara. Ya ce jijiyar da ke kai zafi can daga wuya ta taso, allurar ba ta kai gare ta.

Amma abin da har yau yake cin raina, babu wanda ya gaya min maganin zai sake ni cikin dare. Wajen ƙarfe 2 zafin ya dawo gaba ɗaya, numfashi ma da ƙyar. Ba a rubuta min komai na dare ba! Ƙanena ya yi ta buga ƙofar ma'aikatan asibiti masu aikin dare, da aka ba shi takardar magani sai da ya hau moto ya zaga har unguwar Yelwa kafin ya samu farmasi a buɗe. Jaka nawa muka zuba, a bar mutum haka?

Allurar kam zan sake yarda a yi min. Sai dai ba zan kwanta ba sai maganin dare yana ƙarƙashin matashina.