Mahaɗi mai zamewa ko kafaffe: amsa ga ɗan'uwan da ya sayo jirgin ƙyalle daga Legas

Malam, na karanta tambayarka. Ka ce ka sayo ƙaramin jirgin ruwa mai ƙyalle, samfurin Enterprise, na hannu daga Legas, kana kai shi dam ɗin Tiga ƙarshen mako. Matsalarka ita ce ƙarfen nan da ke haɗa sandar kwance da jigon tsaye, wato mahaɗi ko guznek, ba ya zama wuri ɗaya: wani lokaci ya haura, wani lokaci ya zame ƙasa, ƙyallen kuma duk ya yamutse. Mai walda ya ba ka shawara a huda jigon a kafe shi da ribiti a huta. Kana so ka san wanne ya fi, a gyara mai zamewar ko a kafe.

Amsata a taƙaice: kada ka bari a huda jigon nan yanzu. Ga dalilina.

Duka biyun aikinsu ɗaya, su riƙe sandar kwance a jikin jigo, su bar ta tana juyawa dama da hagu, tana kuma ɗagawa da sauka. Inda suka rabu shi ne yadda ake ɗaure gefen gaba na ƙyallen, wanda ke bin jigo. A mai zamewa, kana jan ƙyallen har ƙololuwa, sannan ka danna sandar ƙasa da hannu har gefen ya miƙe, ka murɗa sukurun ya kama. A kafaffe sandar ba ta motsawa daga inda aka kafa ta, don haka sai an sa wata igiya daban da ke ratsa wani zobe a jikin ƙyallen, ɗan sama da kusurwar ƙasa, tana jan shi ƙasa. Ita ce ake kira kaningham, da sunan Briggs Cunningham, Ba'amurken da ya ci gasar tseren jiragen ƙyalle ta Kofin Amurka a 1958.

Kafaffen yana da abubuwan yabo, ba zan ɓoye maka ba. Ya fi ƙarfi, ba shi da sukurun da zai cinye, kuma igiyar nan kana iya ja ko sassauta ta kana tsakiyar ruwa ba tare da ka tashi daga mazauninka ba. Shi ya sa jiragen tsere na zamani kusan duk sun koma gare shi. Samfurin Laser, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa a irin waɗannan ƙananan jiragen, da kafaffe yake zuwa tun daga masana'anta. Amma kafaffe yana son ƙyallen da tsawonsa ya dace da jigon daidai. Naka kuwa tsoho ne, ya sha rana da iskar teku, kuma tsohon ƙyalle ba ya zama a kan ma'aunin da aka ɗinka shi: yadin yana buɗewa, igiyar da ke cikin gefensa kuma sau da yawa tana tsukewa. In aka kafe mahaɗin bisa ma'aunin wannan ƙyallen, ran da ka samu sabo sai ka tarar wurin bai yi ba. A sake huda kuma? Ramuka a jere a jikin alminiyum, daidai inda sandar ke tura jigo da dukkan ƙarfinta, rage masa ƙarfi ne a inda ya fi bukatarsa. Kuma jigon Enterprise ba abin da za ka shiga kasuwar Kofar Ruwa ka ce a ba ka ba ne.

Mai zamewa shi ne ke yi wa tsohon ƙyalle uzuri. Ya yi tsawo, ka sauke sandar kaɗan. Ya tsuke, ka ɗaga. Akwai kuma wata fa'ida da nake ganin ta fi komai muhimmanci gare mu a nan. Duba ƙarfen da ke shiga cikin bakin sandar. A tsofaffin jiragen da Jack Holt, mai zanen jiragen ruwa ɗan Ingila, ya zana, irin su GP14 da samfurin Enterprise irin naka da ya zana a 1956, sau da yawa gindin ƙarfen mai kusurwa huɗu ne. An yi shi haka ne don in iska ta yi yawa ka sassauta igiyar da ke jan ƙyallen sama, ka ɗan zaro sandar, ka naɗe ƙyallen a jikinta sau biyu ko uku, ka mayar da ita ta kulle. Wanda ya san yadda iskar hunturu ke tasowa daga arewa maso gabas ta buɗe a kan faɗin ruwan Tiga, ko yadda hadarin damina ke zuwa daga gabas da guguwa a gabansa, ya san darajar iya rage ƙyalle cikin minti kaɗan. Sai dai ka sani, in ka naɗe, maƙalin igiyar da ke danne sandar ƙasa zai shige cikin naɗin, don haka ka riƙe igiyar baya, wadda kake ja ko sakin sandar da ita, da kyau. In za a ƙera maka sabon mahaɗi, ka nace a bar wannan kusurwa huɗun, kada a mayar da shi zagayayye don sauƙin aiki.

Aibin mai zamewa shi ne wanda kake fama da shi, kuma yawanci abu ne ƙarami. Ko zaren sukurun ya cinye, ko farantin da ke cikin kwarmin jigo ya lotse, ko ƙurar hunturu ta cika kwarmin ta hana shi zama daidai. Cire shi ka kai wa masu sassaƙa ƙarfe da inji su sake masa zare ko su yi sabon sukuru. Ka ce musu sitenles kake so. Tunda ruwan dam ne ba na gishiri ba, lamba 304 ta isa, ba dole sai 316 ba. Baƙin ƙarfe kam kada ka yarda, damina ɗaya zai zubar da tsatsa a ƙyallen ya kuma ci alminiyum ɗin. Ka wanke kwarmin da ruwa, ka goga masa kyandir. Kada ka sa giris, tara ƙura yake yi. Sannan ka ɗaura 'yar igiya daga ƙasan mahaɗin zuwa maƙali a gindin jigo, yadda ko sukurun ya saki, ƙyallen ba zai ja shi sama ba.

Wurin saiti, tsarin yana da muhimmanci. Saki igiyar baya da igiyar danne sanda gaba ɗaya kafin ka ja ƙyallen sama, in ba haka ba ba zai kai ƙololuwa ba, kai kuma ka zaci ya kai. Bayan nan ka danna sandar. Ƙyallen da kansa zai gaya maka: in ka ga ƙananan tamoji a kwance suna fitowa daga jigo, bai ɗauru ba, in ka ga doguwar ninka ɗaya a tsaye tana bin jigon, ka wuce gona da iri. Iska kaɗan, bar shi da ɗan tamoji, ba laifi ba ne. Iska mai ƙarfi, ƙara dannawa, domin hakan yana mayar da tumbin ƙyallen gaba ya kuma buɗe samansa iskar ta zube. In ka samu wurin da ya yi maka, sa alama da fenti a jigon.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya shafi maganar: hoton da ka turo ya nuna wayoyin gefe da ke riƙe jigon sun yi sako-sako. Jigon da ke rawa ba zai bar mahaɗi kowane iri ya zauna lafiya ba. Ɗauki igiyar jan ƙyalle ka auna da ita daga ƙololuwa zuwa gindin wayar dama, ka maimaita a hagu. In ba su zo ɗaya ba, jigon ya karkata, ka canza ramin da fil ɗin da ke riƙe gindin wayar yake. Sannan ka ja igiyar ƙaramin ƙyallen gaba da ƙarfi, ita ce ke ɗaure dukkan wayoyin idan ana tafiya. Wayar ɓangaren da iska ba ta bugowa tana iya ɗan sassautawa, amma kada ta riƙa lilo.

In za ka canza wayoyin, a nan ma akwai zaɓi biyu, wayar sitenles mai sili 19, kaurin milimita 3, ko igiyar zamani irin Dyneema. Igiyar ba ta da nauyi kuma kana iya haɗa ta da hannunka, amma tana ɗan ƙara tsawo a hankali, gogayya tana cin ta, ranarmu ta Kano kuma ba ta raga wa zare. Ni waya zan zaɓa. Bi ta da tsumma daga sama har ƙasa, musamman bakin inda aka matse ta. In tsumman ya maƙale a sili ko ɗaya, canza wayar duka. Igiyar nailon ta kasuwa ba ta shiga wannan lissafi, miƙewa take yi jigon ya faɗo.

Ran da ka sayi sabon ƙyalle mai zoben kaningham, ka yi 'yan watanni da shi har ya zauna, to a lokacin kafewa ta zama magana. Sai a yi da ribitin monel, wani ƙarfe mai jure tsatsa, a shafa abin da zai raba sitenles da alminiyum a tsakani, a kuma kafe daidai kan alamar fentin. Kafin nan, gyara na hannunka. In za ka ta da jigon a bakin ruwa, ɗaga kai ka duba wayar lantarki tukuna, kuma duk wanda zai shiga jirgin ya sa rigar ruwa.