Eriyar GPS ta ɗorawa a mota: abin da take gyarawa a titunan Legas da abin da ya fi ƙarfinta

Direbobi da yawa daga cikin mutanenmu na Agege, Mile 12 da Idi Araba, musamman masu ɗaukar fasinja ta manhajar waya da masu kai kaya shaguna, sun sanya rediyon mota mai allo wanda ke aiki da Android, kuma kukansu kusan iri ɗaya ne, wato alamar motar da ke kan taswira takan yi tsalle daga wannan titi zuwa wancan, ko kuma ta ƙame wuri guda alhali motar tana tafiya. Maganin da masu shaguna a Computer Village da kasuwar Ladipo suke miƙa musu shi ne wata ƙaramar eriya baƙa mai girman kwalin ashana, da maganaɗisu a gindinta da igiya mai tsawon mita 3 zuwa 5. Na jima ina aiki da irinta, kuma ra'ayina shi ne ta cancanci kuɗinta, muddin mai saye ya san ainihin cutar da take magani.

Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, saboda haka siginar da suke aikowa a kan zangon megahaz 1575.42 tana isowa da rauni ƙwarai, kuma na'ura tana buƙatar jin aƙalla taurari 4 kafin ta tantance inda take. Masu wayarin ɗin mota kuwa sun saba cusa eriyar da ta zo da rediyo can cikin dashbod, ƙarƙashin ƙarafa da tarin wayoyi, don kawai aiki ya yi tsaf a ido. Idan aka haɗa wannan da baƙar ledar gilashi irin wadda aka yi da ɓurɓushin ƙarfe, sai a tarar an toshe wa na'urar sararin sama gaba ɗaya. Eriyar ɗorawa tana da ɗan ƙaramin abin ƙara ƙarfin sigina a cikinta, wanda ke jan wutar bolt 3 zuwa 5 ta cikin igiyar da kanta, don haka ba ta buƙatar batir, sannan rufin mota na ƙarfe yana taimaka mata wajen kama sigina.

Bambancin ya fi fitowa fili a kan titin Ikorodu, inda babban titi da layin manyan motocin bas na BRT da ƙaramin titin gefe suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kafin na ɗora eriyar, taswira takan ɗauka ina kan titin gefe alhali ina tsakiyar babban titi, sai muryar ta umarce ni da shan kwanar da babu halin sha. Yanzu alamar tana zama inda motar take, kuma da safe na'urar tana gano wuri cikin ɗan lokaci. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a jihar da dokar sufuri ta 2018 ta tanadi ƙwace motar wanda ya bi wanwe, domin kuskuren mita kaɗan a taswira yana iya jefa baƙon direba hannun jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Legas. A kan gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 kuwa ban ga wani sauyi ba, tun da can ma sama a buɗe take.

A Marina da Broad Street, inda dogayen benaye ke karkatar da sigina kafin ta iso mota, alamar tana ɗan yawo har yanzu, haka nan a ƙarƙashin gadojin Ojuelegba da Obalende. Abin da ke rage wannan shi ne rediyon da ke jin taurarin GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin tare da na GPS na Amurka.

Inda nake so 'yan'uwa su yi hattara shi ne da'awar wasu masu sayarwa cewa eriyar za ta nuna cunkoso. Launin ja da ruwan ɗorawa masu nuna cunkoso da ake gani a titunan Google Maps ta intanet suke zuwa, daga motsin wayoyin sauran masu tafiya, saboda haka idan data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, babu eriyar GPS da za ta dawo da su. Akwai kuma wata siririyar waya mai mannewa a gilashi da ke biyo na'urorin tokumbo (na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje), wadda aka yi domin tsarin TMC da gidajen rediyon FM na Turai ke aika bayanin cunkoso da shi. Na gwada ta a nan, ba ta kawo mini komai ba. Don sanin halin da hanyar Apapa ko Oshodi take ciki, na fi dogara da data mai ƙarfi da kuma tashar Lagos Traffic Radio a mita 96.1, wadda ta fara aiki a 2012.

Kafin a biya kuɗi, a duba bakin mahaɗin da ke bayan rediyo, domin yawancin masu Android suna da SMA mai murɗawa, motocin Turai kuma suna zuwa da Fakra mai shuɗiyar roba, kuma ɗaya ba ya shiga ɗaya sai da abin haɗi. A sa mai shago ya jona ta a buɗaɗɗen wuri, a buɗe shafin da ke nuna yawan taurari a rediyon, a kwatanta da tsohuwar. Wanda ke tsoron a fizge ta daga kan rufi cikin gosulo yana iya ɗora ta a saman dashbod, dab da gilashin gaba, da ɗan faifan ƙarfe a ƙarƙashinta, sai dai a kula kada ƙofa ta danne igiyar, domin nan ne take fara yankewa.