Irin shinkafa FARO 44 na buhu mai hatimi: ya cancanci kuɗinsa?

Shagunan kayan noma a Argungu da Birnin Kebbi na sayar da FARO 44 cikin buhu ɗinkakke mai takardar shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa. Ya fi na awo a kasuwa tsada, amma ya cancanta, kuma dalilin yana cikin ƙwayar kanta.

A ɓare ƙwaya ɗaya da farce. Bayan ɓawo akwai siririyar fatar da ke zama dusa, sai farin garin da ya cike ƙwayar, sannan a gindi, ta gefe guda, wani ɗan ƙaramin tabo. Wannan tabon shi ne ɗan tsiro, ran irin ke nan. Garin guzurinsa ne har saiwa ta kama ƙasa. Shinkafa kan yi wa kanta barbara da hantsi, lokacin da furen ya buɗe. In zafi ya haura digiri 35 a kwanakin fure, kamar yadda kan faru da noman rani da aka makara, barbarar ba ta kamawa, sai a samu ɓawo ba ciki. Wadda ta kama kuwa tana bukatar kusan kwana 30 kafin ta nuna.

A nan irin buhun ya yi zarra: ƙwayoyi cikakku, tsawonsu ɗaya, fanko kaɗan, ba jar shinkafa a ciki, don haka gona kan fitar da kai lokaci guda.

Inda matsala take shi ne ajiya. Wasu shagunan na jibge buhuna a kan siminti, ƙarƙashin kwano mai zafi. Damshi da zafi na kashe ɗan tsiron alhali ƙwayar na nan da kyan gani, ido ba zai gane ba. Abin takaici ne, domin manomi sai ya zuba reno yake ganin asarar.

Kafin a sayi da yawa, a duba kwanan watan da ke jikin takardar. A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa kwana 7. In ƙasa da 80 suka tsiro, a mayar da buhun. Da sanyin hunturu tsiro kan yi nawa, sai a ƙara masa kwana biyu ko uku kafin a yanke hukunci.