Albam mai gam ko mai shafukan kwali marasa asid: wanda ya kamata ki saya

'Yar'uwa, tsakanin albam mai shafuka masu gam da albam mai shafukan kwali marasa asid da kika tambaya a kai, ki sayi na biyun, kuma kada arhar na farkon ta ɗauke miki hankali. Duka biyun sun ratsa ta hannuna, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Mai gam ɗin, wato wanda ake ɗaga siririyar leda a ɗora hoto sannan a mayar da ledar, abu ɗaya kawai zan yaba masa, yana da saurin aiki. Na taɓa sayen guda ɗaya, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya rine ya koma ruwan ƙasa, ya bar layi-layi a bayan hotunana, wasu suka faɗo, wasu kuma suka kafe har sai da na riƙa zura zaren sakace a ƙarƙashinsu a hankali kafin su ɓamɓaru. Ban sake sayen irinsa ba.

Na kwali kuwa, shekararsa goma sha ɗaya ke nan a wurina. Na haɗa shi ne lokacin da mahaifiyata ta miƙo mini wata tsohuwar ambulan cike da hotunan mahaifinmu na ƙuruciya, wasu gefensu ya fara cinyewa. Na zaɓi kwali mai launin ruwan madara, na riƙe kowane hoto da 'yan ƙananan aljihunan nan masu kusurwa uku da ake mannawa a shafi, ta yadda gam bai taɓa jikin hoto ko ɗaya ba. Mun yi kusan mako uku muna zama da ita da yamma, tana faɗa mini sunayen mutanen da ke cikin hotunan, ni kuma ina rubutawa a ƙasa da fensir, ina yanka 'yan furanni da ganyaye na takarda ina ƙawata gefen shafi. Akwai mutanen da ita kaɗai ta rage da ta san su, kuma da a mai gam ne, da babu inda zan rubuta sunayensu. Bara ƙanina ya nemi hoto ɗaya domin a wanko masa kwafi, na zare shi daga kusurwoyinsa cikin daƙiƙa kaɗan, aka yi aikin, na mayar da shi wurinsa kamar ba a taɓa shi ba. Har yau shafukan nan fes suke, launinsu bai canja ba.

Dalilin wannan bambanci yana cikin yadda ake yin takarda. Yawancin takarda daga itace ake samo ta, kuma a jikin itace akwai wani sinadari da ake kira lignin, wanda idan aka bar shi a cikin takarda, haske da iska suna sa shi ya rine ya kuma haifar da asid. Shi ya sa takardar jarida take komawa rawaya ta yi ta karyewa, kuma asid ɗin ba ya zama wuri ɗaya, yana ratsawa zuwa duk hoton da ya jingina da shi. A ma'aunin pH, wato ma'aunin ƙarfin asid, lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da ita yana da asid. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta takarda mai ɗorewa, ISO 9706 ta shekarar 1994, ta shardanta cewa pH ɗin takarda ya kasance tsakanin 7.5 da 10, kuma a sa mata sinadarin alli da bai gaza kashi 2 cikin 100 ba, domin ya riƙa kashe asid ɗin da zai zo mata daga baya. Ledar da ake rufe shafi da ita ma tana da nata hukunci. Ta PVC, mai lamba 3 a alamar sake sarrafa roba, tana fitar da sinadarai masu ɓata hoto, ana kuma gane ta da ƙarfin warin roba. Wadda ake so ita ce ta folifirofilin, mai lamba 5, ko ta foliyesta.

Wajen zaɓe, ki duba kaurin kwalin. Takardar da ake buga rubutu a ofis giram 80 ce a kowace murabba'in mita, ba za ta iya ɗaukar hoto da ado ba tare da lanƙwashewa ba. Ki nemi daga giram 200 zuwa 300. Girman da ya fi yaɗuwa a sana'ar ƙawata albam shi ne inci 12 a tsaye da kwance, kimanin santimita 30 da rabi, kuma yawancin takardun ado a wannan awon ake yanka su, sai dai ga mai farawa ina ganin inci 8 ya fi daɗin cikawa, domin babban shafi yakan sa mutum ya yi ta tara ado har ya danne hoton. Ki kuma ɗauki mai zobban ƙarfe da ake buɗewa, saboda da zarar kin fara sa maɓallai da kirtani da furannin ulu, shafuka za su yi kauri, ɗinkakken albam kuwa zai buɗe baki ya ƙi rufuwa.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma wajibi ne in ja kunnenki game da masu sayarwa marasa gaskiya, musamman a intanet. Rubuta "marar asid" ko "na adana tarihi" a jikin kaya abu ne da kowa zai iya yi, kuma na taɓa karɓar kwalin da aka yi masa wannan tambari, bai rufa shekara biyu ba gefensa ya rine. Wasu kuma shafukan ne kawai marasa asid, amma bangon da gam ɗin da ledar na banza ne. Ki tambayi mai kaya ko kayan sun ci gwajin da ake kira PAT, wanda ke auna ko abu zai cutar da hoto, lambarsa ISO 18916. Idan ya fara kame-kame, ki bar masa kayansa. Akwai kuma alƙalamin gwajin pH: ki ɗiga shi a gefen shafin ƙarshe, idan ɗigon ya koma shunayya takardar ta yi, idan ya tsaya rawaya tana da asid. A farar takarda ko mai hasken launi yake nunawa, a baƙin kwali ba za ki ga komai ba.

Saboda haka ki sayi mai zobba da shafukan kwali, ki haɗa da kusurwoyin riƙe hoto, da fensir mai laushi irin 2B, da gam marar asid wanda za ki yi amfani da shi a kan ado kawai. Salatif da biro kada su kusanci hoto. Idan akwai yankan jarida da kike son sawa, ki kwafe shi a kan takarda marar asid ki manna kwafin, asalin kuma ki ajiye shi dabam. In kin gama, ki ajiye albam ɗin a tsaye a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da taga da bangon da ke jan damshi.