Littafin tatsuniyar Ojibwe da na karanta wa 'yan aji uku

Ƙanwata da ke zaune a jihar Minnesota ta Amurka ce ta aiko mini da wannan littafi mai hotuna, kuma na ɗauki makonni uku ina amfani da shi a ajina na firamare kafin na zauna rubuta abin da na gani. Littafin da Turanci yake, an yayyafa masa kalmomin harshen Ojibwe, kabilar da ke zaune tun asali a kewayen manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada. Suna kiran kansu Anishinaabe, kuma a Minnesota kaɗai suna da keɓaɓɓun yankuna guda 7.

Labarin na Nanabozho ne, gwarzon tatsuniyoyin Ojibwe, da itacen mapul, wato bishiyar da ganyenta ke jikin tutar Kanada. A zamanin da, in ji tatsuniyar, ruwan wannan bishiya kauri gare shi kamar zuma. Wata rana Nanabozho ya shiga ƙauye ya tarar babu mai kamun kifi, babu mai farauta, sai ya bi sawu har cikin daji, inda ya samu mutanen ƙauyen kwance a gindin bishiyoyi, kowa ya buɗe baki zaƙi na ɗiga masa. Sai ya ɗebo ruwa ya yi ta zubawa cikin bishiyoyin har ruwansu ya tsinke, yadda ba wanda zai ƙara lasar zaƙin sai ya sari itace, ya hura wuta, ya tsaya a kan tukunya.

Hotunan su ne ƙarfin littafin. Yarana ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma shafin da ke nuna mutane kwance baki buɗe bai buƙaci fassara ba, domin ajin ya kwashe da dariya tun kafin na karanta layin da ke ƙarƙashinsa. Bayanin da ke bayan littafin ma ya taimaka mini ƙwarai, inda ya nuna cewa sai an tafasa kimanin lita 40 na ruwan bishiyar kafin a samu lita 1 ta zaƙin, kuma ruwan ba ya zuba sai a ƙarshen lokacin sanyi, sa'ad da dare ke daskarar da ruwa rana kuma ta narkar da shi. Da na kai wannan gaɓa sai wani yaro wanda mahaifinsa ke noman rake ya ɗaga hannu ya ce ai mazarƙwaila ce. Ban gyara masa ba, domin kusan aikin ɗaya ne: a tara ruwa mai zaƙi, a yi ta dafawa har ya daskare. Daga nan na mayar da lita 40 ɗin darasin lissafi, kuma ban taɓa ganin rabawa ta shige su da sauƙi haka ba.

Inda littafin ya gaza shi ne a kan Nanabozho kansa. An zana shi mai barkwanci, don haka yara suka yanke hukunci nan take cewa Gizo ne na mutanen can, ni ma da farko na bar su a haka. Amma kwatancin bai cika ba. Gizo wayonsa na cikinsa ne, shi kuwa Nanabozho, duk da wautar da yakan tafka a wasu labaran, Ojibwe suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya koya wa mutane hanyoyin rayuwa, kuma labaransa suna cikin abin da suke girmamawa a al'adarsu. Malamin da bai san wannan ba zai koyar da rabin labari. Haka kuma littafin bai faɗi daga bakin wa aka karɓo tatsuniyar ba, alhali wannan tsohuwar matsala ce: tun 1839 wani marubuci Ba'amurke mai suna Henry Schoolcraft ya buga irin waɗannan labarai da sunansa, ko da yake matarsa Jane Johnston, wadda mahaifiyarta 'yar Ojibwe ce, da danginta su ne suka ba shi da yawa daga cikinsu. Kalmomin Ojibwe ɗin ma ba a nuna yadda ake furta su ba, sai da na nemi ƙanwata ta naɗo mini muryar yadda ake faɗin miigwech, wato na gode.

Takardar tana da kauri, ta jure hannun yara fiye da 50, sai dai ɗinkin tsakiya ya fara saki a mako na uku.

Ƙanwata ce kuma ta gaya mini abin da littafin bai ambata ba, cewa Ojibwe ba sa ba da labaran Nanabozho sai ƙanƙara ta rufe ƙasa, kamar dai yadda kakanninmu suke hana mu yin tatsuniya da rana. Mu ba mu da ƙanƙara, amma an yi dace na karanta shi ne a watan Janairu, hazo ya rufe gari. Yaran sun nemi a maimaita bayan hutu, na ce musu sai hunturu ya dawo, na kuma sa littafin a cikin durowa.